Gwajin Gilasan Kyamara Kafin Hawan Sallah

Asabar, 28 ga Disamba, 2024

Wata Hajiya ce ta faɗa mani maganar da ta sa na fara wannan aiki. Makon jiya na kai mata hotunan bikin ɗiyarta, ta daɗe tana kallon babban hoton dangi, sannan ta ɗora yatsa a gefen hagu ta ce, "Malam, ina fuskar yayata? Ga ta nan tsaye, amma kamar an shafa mata toka." Gaskiyarta. Mutum huɗun da ke hagu sun fito dishi-dishi, na tsakiya kuwa raɗau. Ban sami abin faɗa ba sai ban haƙuri. Yayar nan tata daga Maraɗi ta zo, kuma ba za a sake irin wannan taron ba.

Tun ranar abin ke cina. Shekara shida ina ɗaukar hoto a cikin Katsina, ban taɓa zama na gwada gilasan kyamarata ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da na ji a bakin abokan sana'a shi nake maimaitawa, wannan yana da kaifi, wancan babu. Yanzu ina so in gani da idona, in kuma rubuta abin da na gani da kwanan watansa, don kada zuciya ta riƙa gyara mani labari daga baya.

Kyamarar Canon 700D ce, mai fiksel miliyan 18. Gilasai uku gare ni, kowane ana kiran sa da lambar tsawonsa a milimita, babbar lamba ita ke jawo nesa kusa: 18-55 ɗin da ya zo tare da ita, da 50mm f/1.8 STM, da dogon nan 75-300 da nake ɗaukar dawaki da shi. Wani abokin sana'a a Ƙofar Ƙaura ya yi mani alkawarin aron 55-250 ɗinsa. Ina so in gama kafin azumi, saboda in akwai abin da zan sayar ko in saya, gara a yi tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

A zauren gidanmu na kafa wurin gwaji. Na ari babbar rigar Baba, fara mai aikin aska takwas da zare ruwan ƙasa, irin ta hannu. Ba ni da abin da ya fi ta dacewa, don aikin zare shi ne ainihin abin da masu biki ke nema a hoto. Mutum ya kashe kuɗi ya ɗinka riga, so yake a ga ɗinkin.

Da farko rataye ta na yi a ƙusa. Iskar hunturu na shigowa ta ƙofa tana kaɗa ta, hoto goma na farko duk sun lalace. Sai na nemo faffaɗan katako na shimfiɗa rigar a kai na kafe da ƙananan ƙusoshi, na jingina shi da bango a miƙe. A kusurwoyi huɗu da tsakiya na manna takardar naira 200, mai hoton Sardauna. Siraran layukan da ke jikin takardar kuɗi ba su ɓoye laifin gilashi. In yana da kaifi za ka ƙirga su ɗaya-ɗaya, in babu sai su haɗe su zama launi ɗaya.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita kyamara ta fuskanci katakon sosai. In ta ɗan karkace, gefe ɗaya zai fi kusa da ita, ya fita daga saiti, kai kuma ka ɗora wa gilashi laifin da ba nashi ba. Dabarar ita ce ka manna ƙaramin madubi a tsakiyar katako, ka yi ta gyara ƙafafun kyamara har sai ka ga idonta yana kallon kansa a tsakiyar madubin. Ƙanena ne ya riƙe madubin, ya gaji ya ce, "Yaya, wai hoto za a ɗauka ko aski?" Na ce ya ƙara haƙuri.

Ƙa'idar da na kafa: kyamara kan ƙafa uku, ISO 100 (ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara), RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba), a kashe na'urar hana rawa, saiti da hannu ta allon baya bayan na faɗaɗa shi sau goma, sannan agogon daƙiƙa biyu don kada yatsana ya girgiza ta. Kowace ƙofar haske (faɗin buɗewar gilashi da ake rubutawa da f/, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa) hoto uku, in zaɓi wanda ya fi.

Yau 50mm kaɗai na samu na yi. A f/1.8 tsakiya ba laifi, amma akwai wani laushi kamar an lulluɓe zaren da siririn mayafi, kusurwoyi kuma sun yi duhu. A f/2.8 mayafin ya yaye. A f/4 da f/5.6 har silin zaren da ya tsinke a bakin aljihu na gani, wanda da idona ban lura da shi ba. Daga f/11 ya fara komawa baya, a f/22 kuwa ya fi f/1.8 muni. Wannan ya ba ni mamaki, don na daɗe ina zaton duk yadda ka matse ƙofa haka kaifi ke ƙaruwa. Ashe in ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa haske bazuwa yake yi yayin wucewa ta bakinta, ɗigo ɗaya ya zama tabo. Wannan halin haske ne, gilashi mai tsada ma bai tsira ba.

Laraba, 8 ga Janairu

Babu wuta kwana biyu, kwamfuta ta mutu. Na gwada duba hotunan a waya, duk suka yi kyau, f/1.8 da f/5.6 kamar tagwaye. Waya ba wurin yanke hukunci ba ce. Zan jira.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na kama ɓarawon.

Na ɗora 18-55 na gwada a 18, da 24, da 35, da 55. A tsakiya ya fi yadda ake raina shi. A f/8 sai ka kawo ido kusa kafin ka bambanta shi da 50mm. Amma a 18 da 24, takardun kuɗin da ke hagu, sama da ƙasa, sun narke, na dama kuma lafiya lau. Fuskar Sardauna ta hagu ta yi daidai da yadda fuskar yayar Hajiya ta yi.

Ban yarda nan take ba, don mai yiwuwa katakon ne ya goce. Na kira ƙanena muka sake aikin madubi, sakamako bai canza ba. Sai na cire kyamarar na juya ta kai ƙasa, na tokare ta da buhun gero da littattafai, na sake ɗauka. Hikimar ita ce, in katako ne ya karkace, takardun da suka lalace ɗazu su za su sake lalacewa. In kuwa gilashi ne, lalacewar za ta bi kyamara ta koma kan takardun ɗaya gefen. Ta bi kyamara.

Nan na tuna. Bara wajen wani kamu yara suka ture jakata daga kan benci. Na duba a lokacin ban ga tsaga ba, na gode Allah na ci gaba da aiki. Ashe ɗaya daga cikin gilasan ciki ya goce daga mazauninsa. Kusan shekara guda ina ba mutane hoton da gefensa ɗaya ke da ciwo, ba wanda ya yi magana sai ita. Hoton mutum ɗaya ba ya nunawa, tunda a tsakiya yake tsayawa. Sai an jeru.

Na zauna na buɗe tsofaffin ayyuka har bayan isha'i. Yana nan a kowane hoton dangi tun daga wancan kamun. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matse ƙofa zuwa f/11 yana rage abin amma bai kawar da shi, kuma a cikin ɗaki ko rumfar biki ba ka da hasken f/11.

Asabar, 18 ga Janairu

55-250 ya iso hannuna jiya. Da hantsi na ɗauki dogayen biyu na nufi Gobarau, don ginin ƙasa yana da abin dubawa: sawun hannun masu yaɓe, da tsagewa, da 'yan ramuka. Hasumiyar da ake danganta ginin ta da zamanin Muhammadu Korau ta fi kowane bangon siminti faɗin gaskiya a kan gilashi.

Tafiyar ba ta yi amfani ba. Hazo ya sauka tun daren jiya, rana kamar farin faranti. Na ja baya na kafa, na ɗauka da kowanne, na dawo gida na buɗe. Duk toka-toka, ba baƙi ba fari. Ƙurar da ke tsakanina da ginin ta watsa hasken kafin ya iso gilashi, sai ya zama iska nake gwadawa. Da yau kaɗai na dogara da ita da na ce gilasan biyu ɗaya ne, kuma duk ba su da kirki.

Ko canza gilashi a waje ban so yi ba. Na shiga cikin mota na rufe tagogi, na kifa bakin kyamara ƙasa sannan na sauya. Duk da haka da dare na ga ɗigo biyu a sararin sama na kowane hoto. Ƙura ta hau sensa, wato farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kai. Da roba mai hura iska na fitar da ɗaya, ɗayan ya ƙi.

Juma'a, 24 ga Janairu

Bayan masallaci na biya wajen maigidana, wanda ya koya mani sana'a. Ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, amma tun zamanin fim da ɗakin duhu yake wannan aiki. Na ba shi labarin 18-55 da maganar Hajiya. Ya yi shiru, ya ce, "Ka koma ka faɗa mata abin da ka gano?" Na ce tukuna. Ya ce, "To ka koma."

Sannan ya sa jikansa ya ɗauko wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin gado. Ya zaro wani gilashi baƙi mai nauyi, ƙarfe zalla, naɗe cikin tsumma. Helios 44-2 ne, 58mm f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyet, irin wanda a da yake zuwa da kyamarar Zenit. Tsarinsa daga Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus aka ɗauko shi. Ya ce, "Sa wannan a cikin gwajin naka, ɗana. Da shi na aurar da rabin unguwar nan."

Na ce, "Baba, ai bakinsa ba irin na kyamarata ba ne." Ya ce in nemi zobe. Gaskiya ne, bakinsa mai zare ne da ake kira M42, kuma tazarar da yake buƙata daga sensa ta ɗan fi ta Canon, milimita 45 da ɗoriya a kan 44. Don haka siririn zoben ƙarfe ya isa, ba sai an ƙara wani gilashi a tsakani ba. Na haska shi da tocila a gabansa. Akwai ƙura kaɗan a ciki, babu hunhuna. Bushewar ƙasarmu ta yi mashi rana a nan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kafin zoben ya iso daga Kano na koma kan 50mm, don akwai abin da ke damuna. A zaure yana da kaifi kamar aska, amma a wurin biki sau da yawa ido ba ya fitowa, sai ka ga hancin amarya ko bakin gyalenta ya fi idon fita.

Na jera kwalayen ashana bakwai a kan tabarma, kowane yana bayan ɗan'uwansa da santimita biyu, a karkace kamar matakala. Na tsaya mita biyu, na sa saiti a kan na tsakiya, na bar kyamara ta nemo da kanta ta ramin leƙawa. Sau ashirin ina murɗe saitin in bar ta ta sake nema. Sau goma sha uku ta sauka daidai, sau shida ta sauka a kwalin da ke gaba, sau ɗaya a na baya. Da na koma nema ta allon baya, duka ashirin daidai, sai dai tana jan lokaci.

Dalilin a bayyane yake. Ta ramin leƙawa wata 'yar na'ura ce daban a ƙasan madubi ke auna nisa, ta allon baya kuwa sensar da ke ɗaukar hoton ita ke dubawa da kanta. Manyan kyamarori suna da wurin gyara wannan saɓani, 700D ba ta da shi. Ga kuma lissafi: a f/1.8 daga mita biyu, abin da ke fitowa sarai bai wuce santimita 11 ba, bai kai ɗani guda ba. Amarya ta ɗan sunkuyar da kai don kunya, kamar yadda kowace ke yi, ido ya fita daga ciki. A f/4 wurin ya ninka fiye da sau biyu.

Ashe rabin abin da nake kira rashin kaifi ba na gilashi ba ne. Son buɗe ƙofa har ƙarshe ne don baya ya narke, abin da matasa ke so a Instagram. Daga yau hoton mutum ɗaya f/2.8, mutum biyu f/4.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Gari ya waye tas, hazo ya ɗaga. Ƙarfe bakwai da rabi ina Gobarau, kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara rawa. Rana na bugun ginin daga gefe, kowane sawun yatsa a jikin yaɓen da 'yar inuwarsa.

Yau bambanci ya fito ƙarara. Daga 75 zuwa wajen 135, tsohon 75-300 ɗina ya yi abin kirki, musamman a f/8. Daga 200 ya fara sanyi. A 300 da f/5.6 yaɓen ya koma kamar kunu, kuma duk inda bakin ginin ya haɗu da farin sama akwai zare shunayya a gefe ɗaya, kore a ɗaya gefen. Launukan haske ne ba su haɗu a wuri ɗaya ba bayan sun ratsa gilashi. Kwamfuta na iya goge launin, amma ba ta dawo da abin da ya ɓace a ƙarƙashinsa.

55-250 a 250 da f/5.6, ƙofa a buɗe har ƙarshe, ya fi nawa a f/8. Sai na yi gwajin da ya fi muhimmanci a wurina, tunda hujjata kullum ita ce nawa ya fi tsawo. Na yanko hoton 250 na faɗaɗa shi ya kai girman na 300, na ajiye su gefe da gefe. Akwai wata tantabara da ta sauka a saman hasumiyar. A hoton da aka yanko ana ganin zoben idonta da layin fukafukai. A na 300 tantabara ce dai, amma ido ɗigo ne kawai. Milimita hamsin ɗin da nake taƙama da su ba su ƙara mani komai ba.

Wasu almajirai uku suka tsaya suna kallo. Na nuna wa ƙaraminsu allon, ya ce, "Malam, wannan ta fi kusa," yana nuna ta 250. Ba ta fi kusa ba, ta fi fitowa ne.

Da yamma zoben Helios ya iso, na ɗora shi a zaure. Tsakiyarsa a f/2 ya ba ni mamaki, bai yi nisa da 50mm na zamani ba, a f/5.6 kuwa sai ka rantse ɗaya ne. Kusurwoyi sun yi laushi har sai f/8. Rauninsa na wajen haske: da na juya shi ya fuskanci ƙofar zaure, hoton gaba ɗaya ya wanke ya yi fari, saboda shafen da ke jikin gilasansa na da ne. Na kare shi da tafin hannu daga sama, launi ya dawo. Na ɗauki Inna da shi a gindin darbejiya, ganyen bayanta ya yi wani juyi kamar ana dama fura, duk da ƙaramar sensata ta yanke mafi yawan juyin. Fatar fuskarta ta fito da taushi, ba tare da ido ya rasa kaifi ba. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hawan angwanci a bayan Ƙofar Sauri, dawaki sun kai talatin. Wannan ne gwajin da ya yi kama da ranar Sallah, ba ƙafa uku, ba agogo, ga ƙura ga turereniya.

Na raba lokacin biyu. Da 75-300 sai da na riƙe saurin ƙiftawa a 1/500 na daƙiƙa ko sama ko da doki a tsaye yake, don ba shi da na'urar hana rawa, kuma a wannan kyamara 300 daidai yake da 480 a babbar sensa, kowace rawar hannu ninkuwa take yi. Da rana ta yi ƙasa dole na ɗaga ISO zuwa 1600, hoto ya yi tsaki-tsaki. Da 55-250, mai wannan na'urar, na ɗauki ango a tsaye kan dokinsa a 1/125, aikin sirdi da jalala da tunjimi duk suka fito. Amma da aka fara sukuwa na'urar ba ta hana komai ba. Rawar hannuna take tsayarwa, ba gudun doki ba. Hoto bakwai na ɓata kafin na ankara na koma 1/1000.

Wajen nemo saiti ma ya fi sauri, kuma shiru yake yi. Nawa yana kai da komo da ƙara kafin ya kama, doki ya riga ya wuce. Da na ƙirga da dare, cikin hotunan sukuwa arba'in-arba'in, goma sha ɗaya na iya ba mutum daga nawa, ashirin da shida daga na aro.

Abu biyu na riƙe a kansa. Bakinsa roba ne, nawa ƙarfe, kuma a cikin cunkoson Ƙofar Soro ranar hawa ana bugun kaya. Sannan ƙirar EF-S ce, ba zai hau babbar kyamara irin 6D ba in Allah ya hore mani ita wata rana.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na wanke hotuna goma sha biyu a girman inci 12 da 18, na rubuta sunan gilashi a bayan kowane, na kai wa Baba maigida ba tare da na faɗa mashi wane ne wane ba. Ya sa tabarau ya fito da su hasken tsakar gida. Na dawaki bai yi wata-wata ba, ya ware na 55-250 gefe guda. Na rigar aska takwas ya kasa raba 50mm da 18-55 a tsakiya, ya ce duk ɗaya ne, sai da na nuna mashi gefen hagu. Da ya zo kan hoton Inna ya riƙe shi ya ce, "Wannan nawa ne." Na juya bayan, Helios ne. Na miƙa mashi gilashinsa ya ce in riƙe, hannunsa ya daina iya murɗa shi.

Daga can na wuce gidan Hajiya. Na faɗa mata gilashina ne ya samu matsala ban sani ba, na mayar mata da kuɗin babban hoton. Ta ƙi karɓa sai da na nace. Ta ce yayar tata za ta zo Sallah ƙarama, in zo in ɗauke su su biyu.

75-300 na sa shi a kasuwa, kuma duk mai saye zan nuna mashi hoton tantabarar kafin mu yi ciniki. 18-55 ba zan sayar wa kowa ba. Jibi zan kai shi wajen mai gyara a Kano, in gyaran ya fi kuɗin wani na hannu in ajiye shi in nemi wani, kuma duk wanda zan saya sai na ɗora shi gaban rigar Baba tukuna. Katakon na nan a zaure ban cire ƙusoshin ba. Saura ɗigon ƙurar nan da ke kan sensa, shi ma a Kanon za a wanke.